Fara'ar da ba ta shiga lissafin albashi: mata, maza da aikin sarrafa zuciya a kantuna

Duk wanda ya taɓa shiga babban kanti ya san irin tarbar da ake yi masa: gaisuwa tun daga bakin ƙofa, sakin fuska, tambayar ko akwai abin da yake nema, sannan godiya idan ya biya, ko da abin da ya saya bai taka kara ya karya ba. Mai saye yakan ɗauki wannan a matsayin kirkin wadda ta tarbe shi, kuma wani lokaci hakan ne, domin akwai mutanen da Allah ya yi su da haba-haba da jama'a. Sai dai a yawancin manyan kantuna fara'ar nan sharaɗi ce daga cikin sharuɗɗan aiki. A rubuce take a takardun horar da ma'aikata, akwai wanda aka ɗora wa sa ido a kanta, akwai kuma hukuncin da ke jiran duk wanda ya kasa nuna ta. Ma'aikaciyar da ta kwana jinyar ɗanta, ko wadda wani kwastoma ya gama wanke ta da zagi minti biyar da suka wuce, wajibi ne ta karɓi na bayansa a layi da fuskar da ba ta ɗauke da alamar komai. Wannan ƙoƙari na danne abin da ke rai domin a fito da abin da mai kanti yake so a gani, a kuma yi haka saboda albashi, shi ne masana zamantakewa suke kira aikin sarrafa zuciya.

Wadda ta raɗa wa abin suna ita ce Arlie Russell Hochschild, malama a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, a littafinta The Managed Heart na 1983. Ba a kanti ta yi bincikenta ba. Ta zauna ne a ajin da kamfanin jiragen sama na Delta yake horar da masu hidimar fasinja, akasarinsu mata, inda ta ga ana koya musu su ɗauki cikin jirgi tamkar falon gidansu, fasinja kuma tamkar baƙon da ya kawo musu ziyara. Ta kuma dubi masu bin bashi, akasarinsu maza, waɗanda ake koya wa akasin haka, wato ɗaure fuska da kaushin murya domin wanda ake bi ya tsorata ya biya. A ƙiyasinta, kusan kashi ɗaya cikin uku na ma'aikatan Amurka a lokacin suna cikin ayyukan da ke buƙatar irin wannan sarrafa zuciya, amma idan aka ware mata kaɗai adadin ya kai kusan rabi. Tun daga tushe ke nan maganar ta zo haɗe da batun jinsi. A 'yan shekarun nan an ja kalmar ta yi faɗi har ana kiran tsara hidimomin gida da wannan suna, abin da ita kanta Hochschild ta ce a wata hira ta 2018 ya kauce wa abin da take nufi. A nan ma'anar asali ake magana a kai, wato zuciyar da ake juyawa don kuɗi a ƙarƙashin dokar mai aiki.

Hanya biyu ma'aikaci yake bi ya sauke wannan nauyi. Ko dai ya yi wasan fuska, ya saki murmushin yaƙe, ta ciki na ciki, ko kuma ya lallashi zuciyarsa har ta yarda, ya ce wa kansa wataƙila wannan mai ɗaga muryar wata damuwa ya kwaso daga gida, har fushin ya sauka da gaske. Kamfanoni sun fi son hanya ta biyu, domin labarin zuciya a tambayi fuska, kuma mai saye yana iya gane murmushin da ya tsaya a leɓe. A 2011 wasu masana halayyar ma'aikata biyu, Ute Hülsheger da Anna Schewe, sun tattara sakamakon binciken da aka yi cikin shekaru talatin, suka ga cewa wasan fuska shi ne ya fi tafiya tare da gajiyar rai, ƙosawa da aiki da damuwar da ke taɓa lafiyar jiki, yayin da lallashin zuciya bai cika nuna wannan illa ba. Duk da haka ita ma hanya ta biyu tana da nata farashin. Fushi ƙararrawa ce da ke sanar da mutum cewa an taka shi, kuma wanda aka horar ya riƙa kashe ƙararrawar nan awa takwas a kowace rana yana iya wayar gari bai san inda haƙurin aiki ya ƙare ba, balle inda cin mutunci ya fara.

Yadda fara'a ta zama haja a kanti yana da tarihi. Kafin tsakiyar ƙarni na 19 ciniki a shagunan Turai na tayi ne da ja-in-ja, kuma wanda ya taka ƙafa cikin shago ana sa ran zai saya. Kantin Le Bon Marché na birnin Paris, a hannun Aristide Boucicaut daga 1852, yana cikin waɗanda suka yaɗa sabon salo na farashi a rubuce, da shiga a kalli kaya ba tilas a saya ba, da damar mayar da abin da bai yi wa mutum ba. Da farashi ya tsaya wuri ɗaya, kaya kuma suka zama kusan iri ɗaya daga wannan kanti zuwa wancan, sai gasa ta koma kan yadda ake tarairayar mai saye. Daga wannan zamani ne kirarin nan da ke cewa kwastoma shi ke da gaskiya a kullum ya fito, wanda ake dangantawa da 'yan kasuwa irin su Marshall Field na Chicago da Harry Gordon Selfridge da ya buɗe kantinsa a Landan a 1909. Masu sayayya a irin waɗannan wurare galibi matan masu hali ne, waɗanda aka ɗauka su yi musu hidima kuwa 'yan matan talakawa ne da ake iya biya ƙasa da abin da namiji zai karɓa. Masaniyar tarihi Susan Porter Benson, wadda ta yi nazarin manyan kantunan Amurka tsakanin 1890 da 1940, ta nuna irin tsaka mai wuyar da aka saka su: ana so su yi magana da ado da ladabi irin na gidan masu kuɗi, amma a kan albashin da bai fitar da su daga talauci ba.

Jinsi yana fara aiki tun kafin ma'aikaci ya haɗu da kwastoma na farko, wato a wurin rabon wuraren tsayuwa. A kantuna da yawa mata ake ajiyewa a wurin karɓar kuɗi, da teburin sauraron ƙorafi da mayar da kaya, da sashen tufafi da kayan kwalliya, maza kuma a sito, ko wurin sauke kaya, ko sashen na'urori da kayan ƙarfe. Wannan rabo ba ƙaramin abu ba ne, domin shi ke yanke hukuncin wanda zai wuni yana haɗiyar fushin jama'a da wanda zai wuni tsakanin kwalaye, shi ne kuma ke yanke hukuncin wanda zai sami kamasho mai tsoka. A 1979 hukumar tabbatar da daidaito a wuraren aiki ta Amurka ta kai kamfanin manyan kantuna na Sears ƙara, tana cewa mata ne suka fi yawa a masu neman aikin sayar da kaya amma maza ne suka mamaye sassan kamasho, inda ake sayar da manyan kaya masu tsada. Kamfanin ya kare kansa da cewa mata ne da kansu ba su cika son aiki mai gasa da kasada ba, sun fi son wurin da za su yi hulɗa da mutane cikin lumana, kuma a 1986 kotu ta ba shi gaskiya. Hujjar da ta ci wannan shari'a ita ce dai hujjar da ake kafawa har yau, wato wai hali ne.

Ko a inda namiji da mace suke aiki iri ɗaya, ba irin zuciya ɗaya ake nema daga gare su ba. Daga mace ana neman taushi, haƙuri, da sa mutum ya ji an damu da shi. Daga namiji ana neman ya nuna ya san kaya, ya yi magana da tabbaci, idan rigima ta tashi kuma ya tsaya ƙyam. Namijin da ya amsa tambaya a taƙaice ba tare da murmushi ba sai a ce mutum ne mai kamun kai wanda ya san aikinsa, macen da ta yi daidai abin da ya yi kuwa sai a ce ta cika girman kai, a nemi ganin manaja. Masaniyar zamantakewa Robin Leidner, a bincikenta na 1993, ta lura da wani abu mai ban sha'awa game da maza dillalan inshora da ke bi gida-gida: aikinsu cike yake da lallashi, da haɗiye wulaƙanci, da bin kalmomin da aka rubuta musu, duk abubuwan da a wani wuri za a kira na mata, amma su a wurinsu gwajin jarumta ne tsakaninsu da mai saye, wanda ya fi juriya shi ke cin nasara. Aiki ɗaya ne, amma sunan da aka ba shi ya bambanta, da shi kuma darajarsa ta bambanta.

Akwai kuma abin da Hochschild ta kira garkuwar matsayi. Mutumin da al'umma ke ganin girmansa yana da kariya daga fushin wasu, domin mai fushi yakan auna kafin ya sauke a kansa, idan kuma shi ya fusata ana ɗauka yana da dalili. Wanda ba shi da wannan garkuwa shi ne juji, kowa a kansa yake zubar da ɓacin ransa. Kwastoman da aka ce masa ba za a karɓi kayan da ya dawo da su ba saboda babu rasit, ya san sarai ba kashiya ce ta kafa dokar ba, amma ita ce a gabansa, kuma ya auna ya ga ba za ta rama ba. Ma'aikatan kantuna sun san wani wasan kwaikwayo da ake maimaitawa kullum: mace ta yi bayani a ƙi yarda, a kira namiji abokin aikinta, wani lokaci ma wanda ita ta koya wa aikin, ya maimaita kalmominta ba ragi ba ƙari, sai mai ƙorafi ya gyaɗa kai ya tafi. A wani bincike da Anat Rafaeli ta wallafa a 1989 kan masu sayarwa a ƙananan kantuna, an ga mata sun fi maza yawan gaisuwa da murmushi da godiya, an kuma ga kwastomomi maza sun fi mata samun wannan tarba daga ma'aikata na kowane jinsi. Fara'a, a taƙaice, daga ƙasa take hawa zuwa sama. Launin fata da aji ma suna ƙara wa garkuwar kauri ko su rage mata. Masaniyar zamantakewa Christine Williams, wadda ta ɗauki aiki a kantunan kayan wasan yara guda biyu a Amurka domin ta ga abin da idonta, ta ba da labari a 2006 cewa yadda ake raba ayyuka da yadda masu saye suke ɗaukar ma'aikaci duk sun bi layin jinsi da launin fata.

Inda abin ya fi muni shi ne wurin da fara'ar dole take buɗe ƙofar tsangwama. A shekarun 1990 kamfanin manyan kantuna na Safeway a Amurka ya kafa wa ma'aikatansa ƙa'idar su yi wa mai saye murmushi, su haɗa ido da shi, su gode masa da sunansa, kuma yana tura masu sayayya na ɓoye su ba da maki. A 1998 wasu ma'aikata 12 a Kalifoniya suka shigar da koke ta hannun ƙungiyarsu ta ƙwadago, suna cewa maza kwastomomi suna fassara wannan murmushi da cewa gayyata ce, har wata ta ce takan ɓuya a ɗakin baya don gudun masu bibiyarta. Walmart, wani kamfanin manyan kantuna na Amurka, shi ma ya gamu da irin wannan a Jamus, inda ya shiga a 1997 ya fita a 2006: sai da ya sassauta dokar murmushi ga masu karɓar kuɗi, domin wasu maza suna ɗaukar ta a matsayin kwarkwasa. Abin lura shi ne makamin da mace take kare kanta da shi a ko'ina cikin duniya, wato ta ɗaure fuska, ta kawar da kai, ta gajarta magana, shi ne daidai abin da dokar aiki ta haramta mata. Ga sunanta kuma a maƙale a ƙirji, ga lokacin tashinta sananne ga duk wanda ya so ya jira ta a waje.

Daga nan sai batun kuɗi, kuma a ganina nan ne gizo yake saƙa. Ƙwarewar da ake biya ita ce wadda aka yarda cewa koyon ta ake yi. Tuƙa motar ɗaga kaya a sito yana da horo da takardar shaida, don haka yana da farashi. Kwantar da hankalin mutumin da katinsa ya ƙi aiki alhali mutum goma suna bayansa, da gane wanda ke son a taimake shi da wanda ke son a ƙyale shi, da faɗa wa mace cewa rigar nan ba ta karɓe ta ba ta hanyar da za ta sayi wata ba tare da ta ji haushi ba, duk wannan ma sai an koya, kuma sabon ma'aikaci yakan yi watanni kafin ya iya. Amma da yake an saba ganin mata suna yin irinsa a gida kyauta, sai aka ɗauka da shi aka haife su, abin da aka haifi mutum da shi kuwa ba a ganin dalilin saka masa farashi. Sakamakon haka shi ne fara'a ba ta ƙara wa mace ko sisi idan ta nuna ta, amma rashinta yana iya cin aikinta. Binciken da Theresa Glomb da abokan aikinta suka wallafa a 2004 ya nuna cewa buƙatar sarrafa zuciya tana tafiya da ƙarin albashi a ayyukan da ake ɗauka na zurfin tunani ne, amma a ayyukan da ake ɗauka masu sauƙi ne tana tafiya da ƙarancin albashi. Ma'ana, babban ma'aikaci ana biyan sa ladan iya hulɗa da mutane, ita kuwa kashiya ana ganin ai dama abin da ya kamace ta ke nan.

Kotunan Birtaniya sun fara taɓa wannan lissafi. Dubban ma'aikatan manyan kantuna, akasarinsu mata, sun shigar da ƙara cewa aikinsu a gaban jama'a daidai yake a daraja da na ma'aikatan manyan ɗakunan ajiya, inda maza suka fi yawa kuma albashi ya fi tsoka. A Maris na 2021 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ma'aikatan kantunan Asda suna da damar kwatanta kansu da na ɗakunan ajiyar kamfanin, wanda mataki ne na farko kawai a doguwar shari'a. A Agustan 2024 kuma kotun ma'aikata ta ba wa mutum sama da 3,500 gaskiya a kan kamfanin tufafi na Next, inda sama da kashi uku cikin huɗu na masu sayarwa mata ne. Kamfanin ya ce shi farashin kasuwar ƙwadago ya bi, kuma kotun ba ta same shi da laifin nuna wa mata bambanci da gangan ba, amma ta ce rage kashe kuɗi bai isa hujjar bambanta ainihin albashi ba a kan ayyukan da aka riga aka tabbatar darajarsu ɗaya. Kamfanin ya ce zai ɗaukaka ƙara. Ko yaya ta kaya, hujjar farashin kasuwa tana da rauni a nan, domin ita kasuwar ce tun farko ta gaji ra'ayin cewa ɗaukar kwali aiki ne, ɗaukar wulaƙanci kuwa hali ne.

Ba adalci ba ne a ce maza ba sa ɗaukar nasu kason. Su ake turawa su tare wanda ake zargi da sata, su ake sa ran za su shiga tsakani idan wani ya fara jifa da kaya, kuma ba a ba su damar nuna tsoro ko a lokacin ko bayansa. Ɓoye tsoro ma sarrafa zuciya ne, kuma namijin da ya ce abin ya girgiza shi ba kasafai yake samun mai saurare ba. Haka nan masu cin zarafin ma'aikata ba duka maza ba ne. Bidiyon da ya tayar da ƙura a Koriya ta Kudu a 2015 ya nuna ma'aikata mata biyu durƙushe suna ba wata kwastoma haƙuri a wani babban kanti a birnin Incheon. Abin da ke aiki a irin wannan wuri iko ne na mai kuɗi a kan mai neman abinci, jinsi kuma shi ke yanke wanda aka fi ajiyewa a ƙarƙashin ikon.

Shin murmushin yana sayar da kaya kuwa? Robert Sutton da Anat Rafaeli sun gwada wannan tambaya a ƙananan kantuna 576 na wani kamfani guda, suna tsammanin za su ga cewa inda fara'a ta fi yawa ciniki ya fi yawa. Sakamakon da suka wallafa a 1988 ya zo a juye: kantunan da suka fi ciniki su ne aka fi ƙarancin murmushi. Da suka koma suka duba, har ɗayansu ya tsaya ya yi aikin da kansa, sai suka gane cewa inda layi ya yi tsawo ba mai saye ba mai sayarwa da ke da lokacin hira, kowa sauri yake so. Wannan bai nuna cewa kyakkyawar tarba ba ta da amfani ba, amma ya nuna cewa ma'aikaci da ke wurin ya fi takardar da aka rubuto daga hedikwata sanin abin da mutumin da ke gabansa yake buƙata. Duk da haka sa ido sai ƙaruwa yake yi. Bayan masu sayayya na ɓoye an sami saƙon da ake tura wa kwastoma a waya ya ba ma'aikaci maki, wanda ya mayar da kowane mai saye ƙaramin manaja. A 2024 kamfanin Aeon na Japan ya sanar da saka wata manhaja mai suna Mr Smile a kantunansa 240, wadda ke auna fuska da murya da salon gaisuwar ma'aikata.

Sarrafa zuciya ba ya rabuwa da sarrafa jiki. Ana so mai sayarwa ta kasance a tsaye, domin zama yana nuna kamar ba a shirye take ta yi hidima ba. Tun a 1899 Birtaniya ta kafa dokar da ta tilasta wa masu shago su ajiye kujera ɗaya ga kowane mata uku da ke aiki a wurinsu, amma sama da shekara ɗari bayan haka matan da ke sayar da yadi a jihar Kerala ta Indiya sai da suka yi gwagwarmaya ta shekaru, ta hannun ƙungiyoyi irin su Penkoottu ta birnin Kozhikode, kafin jihar ta gyara dokarta a 2018 ta ba su 'yancin zama a bakin aiki. Maƙwabciyarta Tamil Nadu ta bi sahu a 2021. Siffa da sutura ma suna cikin abin da ake saye. A 2015 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai takwas da ɗaya, ta yanke hukunci a kan kamfanin tufafi na Abercrombie & Fitch da ya ƙi ɗaukar Samantha Elauf aiki saboda hijabinta bai dace da tsarin shigar da ya gindaya wa ma'aikatansa ba.

Dokokin da suka fito a 'yan shekarun nan sun fara amincewa cewa kwastoma ma yana iya zama hatsarin wurin aiki, kamar santsin ƙasa ko kaya mai nauyi. Daga Oktoban 2018 dokar kare lafiyar ma'aikata ta Koriya ta Kudu ta wajabta wa mai aiki ya kare masu hulɗa da jama'a daga zagi da cin zarafi, ya ba wanda abin ya shafa damar dakatawa da aiki na ɗan lokaci, ta kuma hana a hukunta shi don ya nemi hakan. A 2019 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da Yarjejeniya mai lamba 190 kan tashin hankali da tsangwama a wurin aiki, wadda ta ambaci tsangwamar da ke da nasaba da jinsi. Scotland ta mayar da cin zarafin ma'aikacin kanti laifi mai zaman kansa a 2021, birnin Tokyo kuma ya kafa dokar hana kwastoma tsangwamar ma'aikata da ta fara aiki a Afrilun 2025, ko da yake ba ta ɗauke da tara ko ɗauri. Amfanin waɗannan dokoki a aikace ya rataya ne a kan abin da manaja zai yi a minti biyun farko bayan an kira shi. Idan ya zo ya ba mai zagi haƙuri, ya ƙara masa da rangwame a gaban wadda aka zaga, to ya koya wa duk wanda ke layin cewa ɗaga murya yana biya, ya kuma koya wa ma'aikaciyarsa cewa gobe kada ta kira shi.

Na'urorin da mai saye yake biyan kuɗi da kansa, waɗanda suka yaɗu a manyan kantuna, ana iya zaton za su rage wannan nauyi tunda sun rage haɗuwar fuska da fuska. Abin da suka kwashe kuwa shi ne ɓangaren da ya fi sauƙi, wato cinikin da ya tafi lami lafiya, da 'yar gaisuwar da ake yi da wanda aka saba gani, irin hulɗar da ma'aikata da yawa suke cewa ita ce daɗin aikin. Ma'aikaciya ɗaya yanzu tana tsaye tsakanin na'urori shida ko takwas, ba ta zuwa wurin mutum sai na'ura ta ƙi karanta kayansa, ko tana neman a tabbatar da shekarunsa kafin a sayar masa da wasu kaya, ko ta yi ƙara cewa akwai abin da bai biya ba. Kusan duk wanda za ta yi wa magana a wunin ya riga ya fusata ko ya ji kunya kafin ta iso, kuma ana so ta duba jakarsa ba tare da ya ji an kira shi ɓarawo ba.